Ƙarfen da Ba a San Nauyinsa Ba

Wanda ya saba ratsa lungunan tsohon garin Sakkwato bayan sallar la'asar, a ce ya taso daga Ƙofar Atiku ya nufi Ƙofar Rini ko Ƙofar Marke, ya san irin dandalin da nake nufi, domin babu wani babban gari a Arewa da ya rasa irinsa. Kango ne, ko wani ɗan fili a bayan gida. An ajiye benci na katako, ga bututun ƙarfe an dasa masa kankare a kai biyu, wani lokacin kuma tsofaffin kayan mota ne mai walda ya liƙa su wuri guda. Samari sun yi da'ira, ɗaya na kwance yana tura ƙarfen sama, saura na ƙirga masa suna zuga shi. Abin sha'awa ne, kuma ina cikin masu ganin cewa saurayin da ya zaɓi ya yi yammacinsa a nan ya fi wanda ya yi shi a majalisar shaye-shaye nesa ba kusa ba. Sai dai akwai tambaya guda da ba kasafai ake samun amsarta a irin wannan wuri ba: ƙarfen nan kilo nawa ne? Za a ce maka wannan na yara ne, wancan na manya ne, wancan kuwa mutum biyu kaɗai ke iya ɗaga shi a unguwar. Lamba kam babu. A ganina, mafi yawan raunin da ke samun sabon shiga a harkar ɗaga ƙarfe, da karayar zuciyar da ke korarsa bayan wata guda, da faɗawarsa hannun masu sayar da ƙwaya, duk daga rashin wannan lambar suke tasowa, kuma gyaran bai fi ƙarfin aljihun 'yan unguwa ba.

Bari mu yi lissafin da ba a yi a dandalin. Lita guda ta kankare, idan ta bushe, nauyinta ya kusa kilo biyu da rabi. Ke nan gwangwanin fenti mai lita 4 da aka cika da kankare ya doshi kilo 10, bokiti mai lita 20 kuwa ya doshi kilo 48. Idan aka dasa bokiti biyu a kan bututu an haɗa abin da ya kusa kilo 100, wato buhun siminti biyu, in kuwa gwangwani biyu ne, kilo 20 ne da 'yan kai. To tsakanin 20 da 100 fa? A yawancin dandali babu komai, ko kuwa akwai ƙarfe ɗaya tal da aka zuba bisa ƙiyasi, wani gefen ma ya fi wani nauyi. Yaron da ya zo jiya, ya ɗaga ƙaramin ya ji bai ishe shi ba, ba shi da matakalar da zai taka. Ko dai ya tsaya wuri guda har abin ya gundure shi ya daina zuwa, ko ya faɗa wa nauyin da ya ninka ƙarfinsa don kada abokai su yi masa dariya. Abin da ke ba ni mamaki shi ne mutanen garin nan ba su yarda da ƙiyasi a sauran al'amuransu. Ba wanda zai sayi gero a Kasuwar Kara ba tare da an auna masa a gabansa ba, mai sayar da shinkafa da kwanonsa, tela da abin awonsa rataye a wuya. Amma abin da za a ɗora wa ƙashin baya da kafaɗa, waɗanda in sun lalace ba a sayen wasu a kasuwa, shi aka bari babu awo. A inda aka ɗauki wasan da muhimmanci, sandar maza kilo 20 ce cif, ta mata kilo 15, kuma akwai ƙananan faya-fayai har na rabin kilo.

Dalilin ƙera waɗannan ƙananan faya-fayai yana cikin yadda Allah Ya tsara jikin ɗan Adam. Tsoka ba ta ƙara ƙarfi sai an ɗora mata abin da ya ɗan wuce wanda ta saba da shi, sannan a bar ta ta huta, mai ita ya ci abinci ya yi barci, domin a cikin hutun ne take gyara kanta ta dawo da ɗan ƙari. In an sake ɗora mata abin da ya ɗara na baya kaɗan, ta sake ƙarawa. In ba a ƙara komai ba, ta tsaya inda take. In kuwa aka ƙara fiye da kima, wani abu ya yage. Tsakanin abin da bai isa ba da abin da ya yi yawa akwai ɗan siririn fili, kuma ba a gane shi da ido. Wani likitan sojan Amurka mai suna Thomas DeLorme ne ya fara mayar da wannan tsari a rubuce a 1945, lokacin da yake jinyar sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu da raunuka a ƙafa da gwiwa. Yakan auna nauyin da majinyaci zai iya ɗagawa sau goma, ya riƙa ƙara masa a hankali yayin da ƙarfi ke dawowa. A 1948, shi da abokin aikinsa Arthur Watkins suka daidaita abin ya zama zagaye uku, kowane sau goma: na farko da rabin nauyin, na biyu da kashi uku cikin huɗu, na uku da nauyin duka. Wato ƙirgen nan na "goma sau uku" da kowane ɗan dandali ya haddace, a asibiti aka haife shi, domin marasa lafiya, kuma awo ne ginshiƙinsa. Samarinmu sun gaji ƙirgen, sun bar awon a baya. Har yau shawarar masana likitancin wasanni ita ce ƙarin nauyi ya tsaya tsakanin kashi 2 zuwa 10 cikin 100, kuma sai mutum ya iya wuce adadin da ya ɗibar wa kansa cikin sauƙi. Ga mai ɗaga kilo 30, ƙarin bai wuce kilo 3 ba, galibi ma ɗaya ne ko biyu. Wanda bai san 30 ɗin ba, ta ina zai san ukun?

Saboda haka farawa ta gari ba ta da armashi ga mai kallo. Mako biyu ko uku na farko nauyin jikin mutum ya ishe shi: ya tsuguna ya miƙe, ya kifa ciki ya dafa ƙasa ya ture jikinsa sama, ya kama sanda ya ja kansa in zai iya. Daga nan ya nemi nauyin da zai iya ɗagawa sau goma sha biyu ko sha uku, amma ya tsaya a goma, ya ajiye ƙarfen da sauran ƙarfi a jikinsa. Kwana biyu ko uku a mako sun wadatar, kuma ba a jere ba. Motsin da ake bukata ba su da yawa: tsuguno da nauyi, ɗauko nauyi daga ƙasa da baya a miƙe, turawa, da jawowa. A nan ne nake da ƙorafi kan abin da ake gani a yawancin dandali, inda kusan duk aikin ƙirji ne da damtse, saboda su riga ke nunawa, aka bar cinya da ƙugu da gadon baya, alhali a nan ƙarfin mutum yake zaune. Kowane ɗan kokawa ya san kaye daga ƙafa da ƙugu yake fitowa. Wanda ke kallon gasar kokawar takobi da maƙwabtanmu na Nijar ke yi tun 1975 zai lura da cewa ba mai faɗin ƙirji ke tashi da takobin ba, mai tsayuwa ne wanda ba a iya girgiza shi. Sai kuma abu na ƙarshe, wanda shi ne mafi arha kuma aka fi raina shi: ƙaramin littafin rubutu da biro. Ranar kaza, tsuguno, kilo kaza, sau kaza. Wanda ba shi da ƙarfe mai lamba ma yana da mafita a tsakar gidansu, domin lita guda ta ruwa kilo guda ce. Jarka mai lita 25 za ta iya zama kilo 8 yau, kilo 9 mako mai zuwa, har ta cika, kuma ba ta taɓa yi wa mai ita ƙarya.

Tsofaffin 'yan dandali za su ce wannan wasan yara ne, su ba haka suka fara ba, ga su kuma garau. Wannan ita ce suka mafi ƙarfi, kuma akwai gaskiya a cikinta: wanda ya shekara yana ɗaga abin da ba ya sa shi nishi, ba zai ga komai ba, domin ƙarfe yana son a sha wuya. Amma mu lura da su wa ke magana. Waɗanda suka fara da ganganci suka tsira su ne suka rage a dandalin suna ba da labari. Wanda kafaɗarsa ta goce a mako na uku, da wanda bayansa ya riƙe har ya kasa ruku'u, sun koma gida shiru, ba a sake tambayar su ba. Akwai kuma wata yaudara da jiki ke yi wa sabon shiga. A makonnin farko ƙarfinsa kan ƙaru da sauri ƙwarai tun tsokar ba ta ƙara girma ba, saboda ƙwaƙwalwa ce ke koyon yadda za ta tayar da tsokar da dama can tana nan. Sai ya ɗauka ya iso. Alhali jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da gaɓoɓin kansu, ba su samun jini kamar yadda tsoka ke samu, kuma sukan ɗauki watanni kafin su yi ƙwarin da ya dace da sabon nauyin. Inji ya ƙara gudu, amma kusoshin da ke riƙe da shi na da ne. Game da zancen ɓata lokaci kuwa, lissafi ya isa amsa. Saurayi mai lafiya da ya fara tsuguno da kilo 20, yana ƙara kilo 2 kacal a mako, bayan wata shida yana kan kilo 72. Ƙarin zai ragu daga baya, haka abin yake ga kowa, amma ina wanda ya fara da bokiti biyu a ranar farko yake a wata na shida? Da rarrafe yaro kan tashi. Ya kamata kuma a koya wa sabon shiga bambanci tsakanin tsamin jiki, wanda kan tsananta kwana ɗaya zuwa uku bayan motsa jiki ya wuce da kansa, da zafi mai suka a cikin gaɓa ko a ƙashin baya. Na farko ba komai ba ne. Na biyun umarni ne a ajiye ƙarfe.

Mutumin da ba ya rubuta abin da ya ɗaga ba shi da hanyar sanin ko yana gaba ko yana baya sai madubi da bakin abokai, su kuwa biyun nan ba su da haƙuri. Wata guda ya wuce bai ga ƙirji ya buɗe ba, sai ya yanke cewa jikinsa ne ba ya karɓa, alhali tsoka ba ta cika nuna girma a ido ba sai bayan wata biyu ko fiye. A daidai wannan gaɓar mai sayar da magani ke jiransa. Wani a ba shi tiramadol don kada ya ji gajiya, alhali zafi da gajiya su ne 'yan aiken da jiki ke turowa su ce a dakata. Wani a haɗa masa sha-ka-fashe, wanda sau da yawa dezametason ne da maganin ƙara cin abinci, kumatu su cika, ruwa ya taru a jiki, ya zaci ƙwanji ne, bai san cewa wannan magani in aka daɗe ana sha tsokar ma cinye ta yake yi, ya kuma tayar da sukari da hawan jini ba. Mai ɗan hali kuma a kai shi ga allurar gina jiki, wadda ke iya taɓa hanta da zuciya, ta rage maniyyi har ta kai ga hana haihuwa. Ba a ƙasar da ƙwaya ke wuyar samu muke ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna cewa a 2017 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya, miliyan 4.6 daga cikinsu kuma magungunan kashe zafi irin su tiramadol suka sha. Ko a can sama, inda ake da likitoci da masu horarwa, gajeriyar hanya ba ta ɓulle ba. A gasar Olamfik ta Beijin a 2008 Mariam Usman ta Najeriya ta zo ta biyar a ajinta. Shekaru bayan nan aka sake gwada samfurin 'yan wasa, aka kama biyu daga cikin waɗanda ke gabanta da haramtattun ƙwayoyi, aka ƙwace lambobinsu, tagulla ta dawo hannunta. Mu ma abin bai bar mu ba: a gasar ƙasashe renon Ingila ta 2014 a Gilasgo an ƙwace zinaren Chika Amalaha, tana da shekara 16, bayan gwaji ya nuna haramtaccen magani a jikinta. Saurayin da ke buɗe littafinsa ya ga cewa watan jiya kilo 30 yake ɗagawa yau kuma 38, yana da hujjar da zai ce wa mai ƙwaya a kai kasuwa.

Iyaye kuma nasu tsoron daban ne, kuma bai kamata a yi musu dariya ba. Suna cewa ƙarfe na hana yaro tsawo. Ƙungiyoyin likitocin yara sun daɗe da bayyana cewa motsa jiki da nauyi, in an yi shi da kulawar wanda ya sani kuma da nauyin da ya dace, ba ya tsayar da girma. Abin da ya haifar da zargin shi ne gajeru sun fi yin fice a wasan, domin tafiyar da ƙarfe zai yi daga ƙasa zuwa sama ta fi gajarta a wurinsu. Naim Suleymanoglu na Turkiyya tsayinsa bai kai mita ɗaya da rabi ba, amma a Olamfik ta 1988 ya ɗaga kilo 190 sama da kansa, fiye da ninki uku na nauyin jikinsa. Ba ƙarfe ya gajarta shi ba, kamar yadda ƙwallon kwando ba ita ke tsawaita masu buga ta ba. Inda tsoron iyaye yake da tushe shi ne yaro ɗan shekara goma sha uku ya shiga ƙarƙashin nauyin manya babu mai kula, domin ƙasusuwansa ba su gama haɗewa ba, kuma wannan ma batun awo ne. Haka zancen gwaiwa. Asalinta rauni ne a bangon ciki, wanda wasu ke zuwa da shi tun haihuwa, yunƙuri mai tsanani kuwa na iya fito da ita ko ya ƙara ta, don haka wanda ya ga kumburi a mara ya tafi asibiti kafin ya sake taɓa ƙarfe. Tsoro na uku ya fi nauyi: cewa dandalin ƙarfe makarantar 'yan daba ce, kuma daga nan 'yan siyasa ke ɗibar 'yan banga in zaɓe ya matso. Ba zan ce ba a taɓa yi ba. Amma korar samari daga bakin layi ba ta raba su da ƙarfe, sai dai ta tura su kangon da babu idon babba. Dandalin da ke a sarari, mai lokacin buɗewa da rufewa, wanda ake tashi in an kira salla, kuma aka san wanda ke shugabantarsa, ya fi sauƙin tsarewa. Tsarin da nake kira a bi ma shi kansa tarbiyya ne, domin ba ya tafiya da wanda ke kwana a titi ko wanda ke buguwa. Lambar da ke cikin littafi za ta tona shi tun kafin iyayensa su gane.

Wani zai ce, mutanen da suka tashi cikin noma da dako da jan ruwa, me ya haɗa su da ɗaga kankare? Kakannin da suka ɗebo ƙasa suka kewaye Sakkwato, garin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809, da ganuwa ba su bukaci benci ba, gaskiya ne, kuma ɗan garuwa mai tura jarkoki, da mai dakon buhunan albasa, da manomin fadama, ba ƙarancin motsi ke damunsu ba. Sai dai aikin ƙarfi da horon ƙarfi ba abu guda ba ne. Lebura ba shi ke zaɓar nauyin ba, ba shi ke zaɓar ranar hutu ba, kuma motsi guda yake maimaitawa shekara da shekaru har wani sashe na jikinsa ya gaji wani kuma bai taɓa aiki ba. Shi abin da zai amfane shi a wannan ilimi shi ne yadda ake ɗauko kaya daga ƙasa da ƙarfin cinya, kayan na manne da jiki. Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya game da yadda birni ya koma. Ɗan kasuwa yana rumfa daga hantsi zuwa magariba, ma'aikaci yana kan kujera, tela yana kan keke, ɗan kabu-kabu yana kan babur, tafiyar da da ake yi da ƙafa yanzu hawa ake yi. Shi ya sa a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta tsaya ga minti 150 zuwa 300 na motsa jiki a mako ba, ta ƙara da cewa kowane baligi ya yi aikin ƙarfafa manyan tsokoki aƙalla kwana biyu a mako. Tsoka ce ke kwashe mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan an ci abinci, don haka wannan magana ta shafi duk gidan da ciwon sukari ya shiga.

Wannan ya kawo ni ga waɗanda ba a taɓa ganinsu a dandali ba, alhali su suka fi kowa bukata. Daga wajen shekara 30 tsokar mutum kan fara raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara goma, bayan 60 kuma raguwar ta ƙara sauri. Ba a ganinta a madubi, a masallaci ake ganinta, ranar da dattijo ya fara dafa ƙasa da hannu biyu kafin ya miƙe daga sujada, har ta kai ga an kawo masa kujera a ƙarshen sahu. Mukan ce tsufa ne, kuma tsufan ne, amma wani kaso na abin raunin cinya ne da ake iya jinkirtawa. A 1990 likita Maria Fiatarone da abokan aikinta suka wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi a gidan kula da tsofaffi a Boston ta Amurka, inda mutum goma masu shekara 86 zuwa 96 suka yi mako takwas suna ɗaga nauyi da ƙafa. A cikin waɗanda suka kammala, ƙarfin cinya ya ƙaru da kashi 174 cikin 100 a matsakaici. Abin da ya sa aka iya yin haka da 'yan shekara casa'in ba tare da an karya su ba shi ne an auna ƙarfin kowa tun farko, ana ƙarawa da lissafi. Dattijon Ƙofar Atiku ba ya bukatar bututu da kankare. Tashi daga kujera sau goma ba tare da dafawa ba, kwana uku a mako, farawa ce. Haka iyayenmu mata, waɗanda injin niƙa ya ɗauke musu daka, ƙashinsu kuma kan yi rauni bayan ɗaukewar al'ada: jarka da kujera a cikin ɗaki sun isa, babu fita babu cakuɗa. Wanda ke ganin ƙarfe ba na mata ba ne ya tuna cewa lambobi biyun da Najeriya ta samu a wannan wasa a Olamfik duk mata suka kawo su, azurfar Ruth Ogbeifo a Sidni a 2000 da tagullar Mariam Usman. Mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, da mai sikila, da mai juna biyu, su fara da ganin likita, kuma kowa ya kiyayi riƙe numfashi yayin yunƙuri, domin yana harba jini sama nan take.

Saura batun ciki da rana. Ana cewa ƙarfe sai mai cin nama kullum, ga kuma halin da kasuwa ke ciki. Ba na raina wannan, domin wanda bai ƙoshi ba ba a yi masa zancen ƙwanji. Amma abin da jiki ke nema sinadarin gina jiki ne, ba lallai nama ba. Mai horo sosai yana bukatar kimanin giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato kusan giram 100 ga mai kilo 60, sabon shiga kuwa zai ga ci gaba ko da bai kai haka ba. Ƙwai guda na da giram 6, giram 100 na busasshen wake na da sama da 20, ga awara, ga ƙuli-ƙuli, ga nonon da ake dama fura da shi, ga busasshen kifi, ga fara a lokacinta. Garin gwangwani mai tsada da ake tallatawa a waya bai ɗauke da wani sirrin da babu a waɗannan. Rana ce ma ta fi ba ni tsoro. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, kuma sabon shiga da ya azabtar da jikinsa a irin wannan yanayi, babu isasshen ruwa, tsokarsa na iya farfashewa ta zuba dattinta cikin jini ta toshe ƙoda. Alamar ita ce ciwon jiki mai tsanani da kumburi, da fitsari mai launin baƙin shayi, kuma wanda ya ga haka asibiti zai nufa a ranar, ba kemis ba. Bayan asuba ko gab da magariba ne lokacin ƙarfe a bazara. Da azumi kuwa a rage nauyi, a mayar da horon bayan buɗa-baki, a ɗauki watan a matsayin na riƙe abin da aka samu.

Kirana ga masu riƙe da waɗannan dandali, a Ƙofar Atiku da sauran unguwanni, ba mai tsada ba ne. A ari sikelin mai sayen hatsi ko na 'yan gwangwan na yini guda, a ɗora kowane ƙarfe a kai, a rubuta nauyinsa da fenti a jikinsa, wanda gefensa guda ya rinjayi ɗaya a fasa shi a sake zubawa. A haɗa kuɗi a sayi buhun siminti guda a zuba ƙananan faya-fayai masu huda a tsakiya, na kilo 1, na 2, na 5, yadda za a riƙa zura su a bututu ana cirewa. A sa doka cewa baƙo ba ya taɓa babban ƙarfe a watansa na farko, kuma ba wanda zai kwanta ƙarƙashin nauyi sai da mutum tsaye a kansa. Hukumar wasanni ta jiha, wadda ke da filin wasa na Giginya da masu horarwa, za ta iya kiran shugabannin dandali horon kwana biyu kan tsayuwa da numfashi da alamun haɗari, likitocin gashin ƙashi na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuma suna da ilimin da za su bayar in an gayyace su. Masu unguwanni su leƙa su san wuraren da samarinsu ke taruwa. Kai kuma ɗan'uwa da ke shirin farawa a makon nan, ka je da littafinka a aljihu, kuma kafin ka kama kowane ƙarfe ka tambaya kilo nawa ne. In an ce ba a sani ba, ka koma gida ka fara da jarka.